Kukan da na ƙi saurara: yadda na kusa kashe Fijon mahaifinmu



Da yawa daga cikinku mazauna Agege kun san farar Fijo 504 ɗin nan doguwa, wadda mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya yi shekara da shekaru yana hawa. Wasu ita ta kai amarensu ɗaki, wasu kuma ita ta ɗauko iyalinsu daga asibiti da jariri a hannu. Kwanakin baya an daina ganinta a kan titi har na kusan wata uku, mutum biyu ma sai da suka tare ni bayan sallar Juma'a suna tambaya ko mun sayar. Ba mu sayar ba, amma saura ƙiris. Zan ba ku labarin abin da ya faru, domin laifin nawa ne, kuma na san a cikinmu akwai masu tsofaffin motoci da ke kan hanyar da na bi.

Alhaji ya sayi motar ne a Kaduna a 1986, sabuwa fil. A wancan lokacin kamfanin Peugeot da ke Kakuri, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, shi ne ke cika titunan ƙasar nan da 504. A Faransa aka fara ƙera ta a 1968, kuma bayan Turawa sun daina yin ta da daɗewa, a Kaduna an ci gaba da haɗa ta har cikin shekarun 2000. Tamu mai dogon bayan nan ce, wadda direbobin tasha ke lodin fasinja da ita. Duk babbar sallah a cikinta muke tafiya gida: mu bar Legas da asuba, mu bi Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa, Tegina, Birnin Gwari, mu faɗa Kaduna. Ni da ƙannena a can baya muke zama tare da buhun goro da jarkar manja. A cikinta na koyi tuƙi, a cikinta kuma na sha faɗan Alhaji na farko a kan taka kuloci ba gaira ba dalili.

Da Alhaji ya rasu aka zo rabon gado, sai aka ga kuɗin da za a samu in an sayar da motar bai taka kara ya karya ba. Yayanmu babba, wanda ke zaune a Kaduna, ya ce a yi mata kuɗi a sa a cikin rabon Hajiya, ni kuma in riƙe ta a hannuna ina kai Hajiya asibiti da unguwa. Kowa ya amince. Maganar da ya yi mini a ranar gajeriya ce: “Ka riƙe ta yadda Alhaji ya riƙe ta.” Na ce masa in sha Allahu. To ashe faɗar ta fi aikatawa sauƙi.

A daminar bara, wata ranar Laraba, ina dawowa daga Mile 12 ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Wanda ya san Legas ya san yadda wasu layuka ke komawa kogi cikin awa guda. Na iso wani kwari ruwa ya shafe titi, ƙananan motoci sun tsaya cirko-cirko. Ni kuwa na ce ai Fijo ce, tana da tsayi. Na sa giya ta ɗaya na kutsa, ruwa ya kai har ƙasan ƙofa, na fito lafiya ina jin kaina. Da na isa gida na buɗe bonet, na duba baƙin mai, na duba fulogi, komai ƙalau. Ban ko leƙa ƙarƙashin bayan motar ba, domin a tunanina in dai inji ya tsira to mota ta tsira.

Bayan kamar wata biyu na fara jin wani siririn kuka daga baya, irin na iska idan tana ratsa kafar taga. Idan na taka totur sai ya tashi, idan na ɗaga ƙafa sai muryar ta canja. Na ce taya ce. Na canja tayoyin baya, kukan bai daina ba. Na ce to salansa ce. Daga nan sai na koma ƙara muryar rediyo, kuma wannan shi ne abin da nake jin kunyar faɗa. Wata huɗu cur motar nan tana gaya mini ciwonta, ni kuwa ina rufe mata baki da labaran duniya. Hajiya da kanta ta taɓa ce mini, “Kai, motar nan ba haka take kuka ba lokacin babanku.” Na ce mata tsufa ne kawai. Daga baya aka samu ƙari: duk lokacin da na tashi daga tsaye sai in ji ƙwas daga ƙasa, kamar an buga guduma a kan ƙarfe. Shi ma na shanye.

In ka ƙi ji ai ba ka ƙi gani ba. Ranar da abin ya fashe muna dawowa ne daga ɗaurin aure a Sabon Ibadan, Hajiya da ƙanwarta suna baya. Mun kusa shigowa Legas sai kukan ya koma gurnani, motar ta ɗauki karkarwa, sannan aka yi wata ƙara kamar an zuba tsakuwa a injin markaɗe. Allah Ya taimake ni ba gudu nake yi ba, na samu na gangara gefen titi. Da na durƙusa na kai hannu kusa da ƙullin ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya, zafinsa ya hana ni taɓawa, ga wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Sai da aka ɗora motar a kan motar ja, su Hajiya kuma na tsayar musu da tasi. Har muka rabu a wurin ba ta ce mini komai ba, kuma shirun nan ya fi mini faɗa ciwo.

Makaniken farko da ya duba ya ce aksul ɗin baya ya tafi, ko dai a yi wa haƙoran da suka karye walda a goge su, ko kuma in haƙura da motar gaba ɗaya. Da na buga wa Yaya waya na gaya masa gaskiyar abin da ya faru, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, “Da Hajiya a ciki? Ka kira 'yan gwangwan su auna ta, a ba Hajiya kuɗinta. Ba za mu sayi tunawa da Alhaji da ran mahaifiyarmu ba.” Ban iya yi masa musu ba, domin gaskiya ya faɗa. Na roƙe shi ya ba ni wata guda. Ya ce ya ba ni, amma ko sisinsa ba zai shiga ciki ba.

Wani dattijo a masallacinmu ne ya kwatanta mini wani tsohon makanike, Bayarabe, wanda ya yi zaman Kaduna shekaru masu yawa yana aikin Fijo, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Kowa Baba yake ce masa. Garejinsa rumfar kwano ce kawai da benci da wata tsohuwar akwatin ƙarfe. Da aka jawo motar bai taɓa sifana ba sai da ya zaunar da ni ya yi mini tambayoyi kamar likita. Kukan yana canjawa idan ka taka totur ko ka saki? Na ce yana canjawa. Yana ƙaruwa idan ka sha kwana ta gefe ɗaya? Na ce a'a. Ya ce to ba boris ɗin taya ba ne, domin shi nasa kukan da kwana yake tashi, idan nauyin mota ya koma kansa. Sai ya dube ni ya ce, “Ɗana, yaushe ka shiga ruwa da ita?” Ban gaya masa zancen ruwa ba. Jikina ya yi sanyi.

Ya sa yaronsa ya ajiye roba a ƙasa, ya kwance notin zubar da mai. Abin da ya fito ba mai ba ne, wani abu ne fari-fari mai kauri kamar kunun gyaɗa, yana ƙyalli da ɓarɓashin ƙarfe, kuma bai cika kofi biyu ba. Baba ya jefa maganaɗisu a ciki ya ɗago shi ya yi gashi buzu-buzu. Ya bayyana mini cewa aksul yana ɗaukar zafi idan ana tafiya. Idan ka tsoma shi cikin ruwan sanyi farat ɗaya, iskar da ke cikinsa sai ta tsuke, ya zuƙo ruwa ta 'yar kafar shan iskarsa ko ta sil ɗin da ya tsufa. Ruwa ya gauraya da mai, mai ya daina aikinsa, tsatsa ta kama boris. Ya ce, “Da washegarin ranar ka zo, man da bai kai lita biyu ba za mu canja, ka tafi abinka.” Wannan maganar har yau tana yi mini yawo a kai.

Kafin mu fara kwancewa na tambaye shi ainihin aikin wannan ƙullin ƙarfe, wanda su makanikai ke kira difaranshal, mu kuma muke haɗa shi duka mu ce bak-aksul. Ya ce aikinsa biyu ne. Na farko, ƙarfin inji yana tahowa ne a miƙe ta cikin farfela daga gaba zuwa baya, su kuwa tayoyi a gefe suke. To a cikin tukunyar akwai ƙaramin giya mai suna finiyo a bakin farfela, yana juya wani babban faifai mai haƙora da ake kira kirawun, a nan ƙarfin ke karya kwana ya nufi tayoyi, gudunsa ya ragu, ƙarfin jansa ya ƙaru. Na biyu kuma, ya tambaye ni ko na taɓa ganin shanun huɗa sun kai ƙarshen kunya za su juyo. Na ce sosai. Ya ce na waje dole ya ƙara taku, na ciki ya rage, in ba haka ba garma ta karkace. Haka tayoyin baya suke a kwana, ta waje tana cin hanya fiye da ta ciki. A tsakiyar kirawun akwai wasu ƙananan giyoyi da ke ba kowace taya damar yin nata gudun alhali duka biyun suna ja.

Game da shawarar walda kuwa, dariya kawai ya yi. Ya ce haƙoran nan an gasa fatarsu ne ta yi tauri, cikinsu kuma aka bar shi da ɗan laushi don kada su tsage. Wutar walda tana kashe wannan taurin, kuma ba hannun da zai goge haƙori ya dawo daidai da lanƙwasarsa ta asali. Za ta yi tafiyar mako biyu ko uku, sannan ta watse, wataƙila a kan gada.

Washegari da sassafe muka fara saukewa, ni ma na tuɓe riga na shiga, domin na ce wannan karon sai na ga komai da idona. Aka sa duwatsu a gaba da bayan tayoyin gaba. Aka ɗaga bayan motar da jak, aka kafa mata turakun ƙarfe biyu a ƙarƙashin bodi. Yaron ya so ya shige tun motar tana kan jak, Baba ya daka masa tsawar da ni ma sai da na razana. Ya ce jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba, kuma ya san mutumin da ya rasa ƙirjinsa a kan wannan gangancin. Sai da ya girgiza motar da hannu biyu ya ga ba ta motsi, sannan ya bari aka shiga.

Aka sa wani jak ɗin a ƙarƙashin aksul ya ɗauki nauyinsa. Muka kwance shokazoba biyu daga ƙasa, muka cire wayoyin hambirki, muka raba tiyon man birki muka toshe bakinsa don kada ya tsiyaye, muka kwance sandunan da ke riƙe aksul ɗin da bodi. Daga nan aka riƙa sauke jak a hankali, a hankali, har sifirin suka saki. Irin wannan doguwar 504 ɗin sifirin huɗu gare ta a baya, biyu kowane gefe, shi ya sa take ɗaukar kayan da ƙananan motoci ba sa iyawa. Baba ya hana kowa kai hannu sai da suka saki gaba ɗaya, domin sifirin da ke danne idan ya kuɓuce ba ya tambayar sunan wanda ke gabansa.

Wani abin da ya bambanta Fijo da yawancin motoci shi ne farfelarta ba a fili take ba. Tana cikin wani dogon bututun ƙarfe ne da ya taso daga bayan giyabos ya haɗe da aksul, kuma ta wannan bututun aksul ke tura motar gaba. Saboda haka sai da aka tokare giyabos da katako, aka kwance bututun daga can gaba, sannan mu huɗu muka ja aksul ɗin baya a kan tayoyinsa, ya fito da bututunsa kamar amalanke. Noti biyu sun ƙi kwantuwa saboda tsatsa, sai da aka jiƙa su da mai aka bar su suka kwana. Na so a sa guduma da kurfi a gama, Baba ya ce in na karya ƙusa a cikin ramin, aikin kwana ɗaya ya zama na mako.

Da aksul ya sauka ƙasa, aka cire tayoyi da duram ɗin birki, aka zaro shaf biyu na dama da na hagu, aka raba bututun da tukunyar. Duk abin da aka cire sai Baba ya yi masa alama da fenti, ya jefa notinansa a gwangwanin tumatir dabam. Wasu siraran washa da suke kira shim, waɗanda in ka gan su a ƙasa ba za ka sunkuya ka ɗauka ba, su ya fi lallaɓawa. Ya ɗaure na kowane gefe da waya ya rataye a ƙusa dabam-dabam.

Da aka buɗe tukunyar na ga aikin hannuna. Boris ɗin finiyo ya yi ramuka-ramuka kamar fuskar da ƙyanda ta ci, har ya yi shuɗi saboda zafi. Da ya saki, finiyo ya bar mazauninsa ya riƙa cizon kirawun a inda bai kamata ba, haƙoran suka cinye suka yi kaifi, biyu daga cikin na kirawun suka ɓalle. Gutsattsarinsu ne suka shiga tsakani suka yi ƙarar da muka ji a hanya. Allah Ya sa ba su maƙale sun kulle tayoyin ba, da a ce hakan ta faru muna cikin gudu, da labarin da nake ba ku wani ne dabam. Ƙananan giyoyin tsakiya da tukunyar kanta sun tsira. Abin da ake buƙata shi ne kirawun da finiyo, boris huɗu na ciki, sil sababbi, da shim.

Boris da sil ba su yi wuya ba, a Ladipo muka same su ranar farko, Baba yana juya kowanne a kunnensa kafin ya yarda. Kirawun da finiyo su ne aiki. Kafin mu fita ya sa ni na ƙirga haƙoran namu da alli: finiyo 9, kirawun 37. Ya ce ma'anarsa farfela za ta juya sau huɗu da ɗan ɗoriya kafin taya ta juya sau ɗaya. Na farko da aka fito mana da shi mai kyau ne ƙwarai, amma da muka ƙirga sai muka samu 9 da 35, na ƙaramar 504 ne. Na ce haƙori biyu kawai, mene ne a ciki? Ya ce da shi motar za ta rage ƙarfin ja idan ta ɗauki kaya ko ta zo hawa, kuma agogon gudu zai riƙa yi mini ƙarya. Na biyu lissafin haƙoransa daidai ne, amma lambar da aka zana a jikin kirawun ba ta yi daidai da ta jikin finiyo ba. Ya ce tun a masana'anta ake goga su da juna su saba, a ba su lamba ɗaya. Idan ka haɗa na wannan gida da na wancan, za su juya, amma kuka za su yi har su cinye juna. Muka dawo hannu rabbana, ga wata gudan da aka ba ni ya ci rabi.

Daren nan na kira Yaya, ba don neman kuɗi ba, don dai in gaya masa inda aka tsaya. Na tura masa hoton haƙoran da suka karye da na man da ya fito. Bai ce komai ba sai “To, Allah Ya kyauta.” Bayan kwana uku ina shago sai ga kiransa na bidiyo. Da na ɗauka sai na gan shi tsugune a Panteka, cikin farar shaddarsa, hannunsa baƙi ƙirin da giris, yana riƙe da kirawun. Ya ce, “Nawa ka ce haƙoran?” Na ce 37, Yaya. Ya riƙa ƙirgawa da ƙarfi yana ɗiga alli, mai kayan yana riƙe masa waya. Da ya kai 37 ya juya ya nuna mini lambar, ya nuna ta finiyo, iri ɗaya. Na kai wa Baba wayar da gudu ya duba fuskar haƙoran, ya gyaɗa kai. Yaya bai ambaci maganar 'yan gwangwan ba, ni ma ban tayar ba. Ya naɗe kayan a buhu ya ba wani direban da ke kawo tumatir Mile 12, bayan kwana biyu suka iso. Da na tambaye shi nawa ya biya, ya ce in bar zancen.

Na ɗauka wahala ta ƙare, ashe yanzu aikin ya fara. Haɗa difaranshal ba ɗaure noti ba ne kawai. Akwai awo uku da dole su daidaita. Na farko zurfin da finiyo zai shiga cikin kirawun, wanda shim ɗin bayan boris ke ƙayyadewa. Na biyu matsin boris: idan ya yi sako-sako zai yi wasa, idan ya matse da yawa zai ƙone, ana so ya juya da ɗan nauyi kaɗan ba tare da girgiɗi ba. Na uku 'yar tazarar da ake bari tsakanin haƙoran biyu don mai ya samu wurin shiga, ƙarfe kuma ya samu wurin buɗewa idan ya yi zafi. Baba ya fito da wani agogon awo mai allura daga akwatinsa, a naɗe cikin tsumma kamar kayan gado, ya kafa shi a kan haƙori yana girgiza kirawun a hankali. Abin da yake nema kusan 0.2 na milimita ne, wato kaurin takarda biyu. Mota mai nauyin fiye da tan guda, lafiyarta a kan kaurin takarda biyu take.

Bayan awo sai ya shafa wani shuɗin fenti a kan haƙora kaɗan, ya juya kirawun gaba da baya yana danne shi da tsumma, sannan ya duba inda fentin ya goge. Idan sawun ya fito can bakin haƙori, finiyo bai shiga sosai ba. Idan ya nutse can gindi, ya shige da yawa. Ana so ya zauna a tsakiya, ya yi faɗi. Karon farko ya fito a baki. Ya kwance komai, ya canja shim, ya sake haɗawa. Karo na biyu ya wuce. Sau biyar yana kwancewa yana haɗawa cikin kwana biyu. A karo na huɗu ni a idona ya yi, na ce, “Baba, ai wannan ya isa haka.” Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Ɗana, ‘ya isa haka’ ce ta kawo ka nan.” Na ja bakina na yi shiru.

Mayarwa ta fi saukewa sauƙi, sai dai shigar da bakin farfela cikin mazauninsa a bayan giyabos ya ba mu wuya, sai da aka ɗan juya taya ɗaya haƙoran suka haɗu ya shige. Aka mayar da sifirin huɗu, shokazoba, sanduna da wayoyin hambirki. Aka haɗa tiyon birki, na zauna ina taka feda yaron yana fitar da iska har birki ya yi tauri. Aka wanke kafar shan iskar da laka ta toshe. Sannan aka ɗura man giya mai lamba 90, irin wanda aka rubuta GL-5 a jikin galan ɗinsa, motar tana tsaye daidai a ƙasa, har ya fara dawowa ta ramin ɗurawa. Baba ya ja mini kunne cewa ba a zuba wa aksul baƙin man inji, domin haƙoran nan goga juna suke yi da matsi mai tsanani, sai man da aka yi dominsu.

Ya shiga gaba ya ce in ja. Muka hau babban titi, ya sa na taka, ya sa na saki, ya sa na sha kwana dama da hagu, kansa a karkace yana saurare. Ba abin da ake ji sai inji da iska. Da muka dawo ya dafa tukunyar da tafin hannu, ɗumi kawai. Ya ce kada in yi mata lodi ko dogon gudu tukuna, in na yi kamar kilomita 1,000 in dawo a zubar da man a duba shi a sa sabo. Na koma, man ya fito garau.

Ranar da zan fara kai Hajiya asibiti da ita, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Ka tabbata?” Na ce na tabbata, Hajiya, da idona na ga cikinta. Muka yi tafiyar ba wanda ya yi magana, rediyo a kashe. Sai da muka kusa isa ta ce, “Yanzu ta dawo muryarta.” Da yamma na ji ta tana gaya wa Yaya haka a waya.

Kuɗin da aikin ya ci, har da na motar ja da na tasi, da man giya na saya da su da ya ishe ni shekaru masu yawa. Saboda haka 'yan uwa masu motocin da ke ja da baya, ko Fijo ce, ko tsohuwar Marsandi, ko bas, ko a-kori-kura, ga abin da na saya da tsada nake ba ku kyauta. In kun ratsa ruwan da ya kai tsakiyar taya, ku sa a buɗe notin aksul a duba man a cikin makon, in ya yi fari a zubar. In kun ga jiƙar mai a jikin tukunyar ko a cikin taya ta baya, sil ne ke yoyo, kada ku jira. In mota ta canja kuka, ku kashe rediyo ku saurara, ku lura ko da totur yake tashi ko da kwana, domin wannan bayanin shi makanike na gari zai fara tambaya. In za a sayi kirawun da finiyo, a ƙirga haƙora, a duba lamba. Kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da ke kan jak kaɗai.

Abu ɗaya ya rage da ke damuna. Baba ya haura shekara saba'in, idonsa ya fara rauni, kuma ya gaya mini yaran da ke zuwa koyon aiki yanzu ba mai haƙurin zama kwana biyu a kan shim. Sun fi son a cire tsoho a ɗaura na gwanjo a karɓi kuɗi. Na gwanjon kuwa kullum raguwa yake yi, tunda an daina ƙera motar. Na yi magana da ɗan ƙanwata da ya gama sakandare yana zaune, ya fara zuwa garejin tun watan jiya. Makon da ya wuce ya dawo gida da shuɗin fenti a yatsunsa yana yi mini bayanin sawun haƙori kamar shi ya ƙirƙiro shi. In akwai mai yaron da ke da sha'awar aikin hannu da haƙurin koyo, ya same ni bayan sallar Juma'a mu yi magana. Ba zai sha wuyar gane ni ba, farar motar tana nan a inda Alhaji ya saba ajiye ta.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya tsare mu a kan hanyoyinmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar da aka bar mana.